Wancan ɗan gidan da ke kwanar filin Fulham, da ruwan da ke bayansa

Ƙanena Allah ya yi maka albarka, tambayarka ta iso. Ka ce kuna gidan kallo nan Birnin Kebbi kuna kallon wasan Fulham saboda su Iwobi da Bassey, sai kamara ta hasko wani ɗan gida mai baranda a kwanar fili mutane zazzaune a kai, da anka ɗauko hoto ta sama kuma sai ga ruwa malale a bayan rumfa, nan gardama ta kaure, wani ya ce gidan mai kulob ne wani ya ce coci ne, kai kuma abin da ya dame ka shi ne mi ya hana su rushe wanga tsohon wuri su gina na zamani irin na Arsenal ko Tottenham tunda dai kuɗi ba matsalarsu ba ne.

To ba gidan mai kulob ba ne kuma ba coci ba ne. Nan ne ɗakin canza kayan 'yan wasa, shi ya sa in ka lura su Fulham ba ta tsakiyar rumfa suke fitowa ba kamar sauran kulob, ta kwana suke ɓullowa su ratso fili, waɗanda ka gani a baranda kuwa yawanci iyalan 'yan wasa ne da baƙinsu. Sunan filin Craven Cottage, yana yammacin Landan a gaɓar kogin Thames, kuma Fulham na wasa a wurin tun 1896. Ni aikina gini ne, awon ƙasa da lissafin kaya kafin a sa harsashi, kuma lokacin da aiki ya kai ni kwas Landan na shiga filin na zauna, don haka ta wajen gini zan fi ja maka zancen, don a nan amsar tambayarka take.

Ka fara gane yadda wurin yake zaune. Yamma da filin kogi ne, babu ko tazara, bangon rumfa sai ruwa. Gabas wani siririn titi ne Stevenage Road, tsallakensa gidajen mutane ne jere masu tsadar gaske. Kudu lambun gwamnati ne Bishop's Park wanda ba mai iya taɓa ko ice ɗaya a cikinsa, arewa kuma wasu gidajen ne. Ka ga ke nan an tsuke shi ta ko'ina, ko kana da kuɗin duniya ba inda za ka faɗaɗa, shi kansa filin wasan mita 100 ne tsawo, faɗi 65, yana cikin ƙananan Firimiya. Kuma kogin nan a daidai wurin ba tsaye yake wuri ɗaya ba, sau biyu a kwana teku ke turo ruwa ya cika taf har ya kusa leɓen bango, sannan ya janye ya bar taɓo baƙi da duwatsu da tsuntsaye na kiwo a kai, in ka wuce da safe ka dawo da rana sai ka rantse ba kogin ba ne. Duk wanda ya taɓa gini kusa da ruwa ya san abin da wannan ke nufi ga harsashi.

Asalin wurin ba filin ƙwallo ba ne. A 1780 wani basarake William Craven ya gina ɗan gidan hutawa a wurin lokacin duk daji ne da itatuwa, masu hali sunka yi ta gadon zama a ciki har gobara ta cinye shi a 1888, anka bar wurin kango ciyawa ta rufe. Ita kuwa Fulham an kafa ta 1879, yaran makarantar wata coci ne ta St Andrew's, sun yi ta yawo daga wanga fili zuwa wancan ba su da wurin kansu, sai a 1894 sunka ci karo da wanga kango, kuma sai da anka kwashe shekara 2 ana sara ana cikowa ana daidaita ƙasa kafin a iya buga ƙwallo a kai. Wasan farko 10 ga Oktoba 1896 da wata ƙungiya Minerva, sunka ci 4-0. To ka lura, gidan da kunka gani a talabijin ba shi ne na basaraken ba, wancan ya ƙone tun kafin Fulham ta zo, sunan kawai ya saura.

Wanda kunka gani a 1905 anka gina shi. Hukumar birnin Landan ta fara matsa ma kulob ɗin a kan rumfar katako da suke da ita, wadda mutane ke ma tsiya suna kira akurkin zomo, cewa ba ta da aminci, sai sunka ɗauko wani injiniya ɗan Sikotlan Archibald Leitch. Wanga mutum kam in kana son ƙwallon Ingila ya kamata ka riƙe sunansa, don hannunsa na cikin Anfield da Old Trafford da Goodison Park da Highbury da White Hart Lane da Stamford Bridge. Kuma ya zo Fulham ne da tabo a jikinsa, domin a 1902 rumfar katakon da ya zana a Ibrox can Glasgow ta rufta ana tsakiyar wasan Sikotlan da Ingila mutum 25 sunka mutu, daga nan ya koma yin tudun ƙasa da ƙarfe da jan bulo. A kan fam 15,000 ya yi musu doguwar rumfar da ke bakin titi da wancan ɗan gida na kwana. Magoya bayan Fulham na da wani labari da suke so, wai mantawa ya yi bai sa ɗakin canza kaya a zanen rumfar ba sai da aiki ya yi nisa, shi ne ya liƙa gidan a kwana don rufe kunya. Ni dai ban saye shi ba, mutumin da ya fara aikinsa da zana masana'antu ba zai manta abu irin wannan ba, kuma a Sikotlan inda ya taso dama al'ada ce a yi ɗan gidan 'yan wasa daban a gefen fili. Amma labarin ya fi gaskiyar daɗi shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Bari in tsokano 'yan Chelsea na gidan kallonku tunda na san sun fi kowa baki. A daidai wanga lokaci wani attajiri Gus Mears ya mallaki Stamford Bridge yana neman kulob da zai zuba a ciki, Fulham ya fara tallata ma wurin, shugabansu Henry Norris ya ce a'a suna nan bakin ruwansu, da Mears ya rasa mai haya sai ya kafa kulob nasa a 1905, shi ne Chelsea. Har gobe Stamford Bridge a unguwar Fulham yake, ba a Chelsea ba. 'Yan Arsenal su ma kar su yi dariya, don shi wanga Norris ɗin daga baya ya shiga Arsenal lokacin tana Woolwich bashi ya yi mata katutu, a 1910 ya so ya haɗe ta da Fulham su zama abu ɗaya su riƙa wasa a Craven Cottage, hukumar lig ta ƙi, shi ne ya ɗauke ta ya kai Highbury a 1913. Da an amince masa da yanzu ban san wa rabin matasan Kebbi ke goyon baya ba.

Rumfar nan ta Leitch ita ce abin kallo, kuma talabijin na zaluntarta don ciki kawai yake nunawa. Daga tashar jirgin ƙasa ta Putney Bridge ƙafa ake takawa ta cikin lambu, kogi na hannun hagu, manyan itatuwa sun yi rumfa, tsofaffi da jikokinsu kowa da farin gyale da baƙi a wuya, ba ka ganin alamar sitadiyam ko kaɗan sai kawai ka fito titi ka ga dogon bango na jan bulo da tagogi jere, an yi masa ado da farin dutse, in ba a faɗa maka ba sai ka ce tsohuwar makaranta ce. Na tsaya na duba haɗin bulon nan da kyau, layi bai kauce ba, sama da shekara ɗari. Ƙofofin shiga kuwa matsattsu ne ƙwarai, mai ƙiba sai ya karkace. A ciki ɓangaren sama har yanzu kujerun katako ne na asali sama da dubu uku, masu naɗewa, gwiwarka na dukan bayan na gabanka, ƙasan ma katako ne, in an ci ƙwallo mutane sunka miƙe gaba ɗaya sai ka ji kujerun na bugawa kwas kwas kwas kamar ana tafi da allo, ga ginshiƙan ƙarfe tsaye a gabanka masu riƙe da rufi, in ka yi rashin sa'ar kujera to raga ɗaya sai ka riƙa leƙe kafin ka gan ta. Ta fuskar jin daɗi kam ba ta kai ko rabin na zamani ba, wannan gaskiya ce, amma kusancinka da ciyawa ya isa ka ji ɗan baya na zagin gola.

Kuma kar ka ɗauka ba a taɓa yunƙurin rushewa ba. Tun 1933 an yi shirin a share wurin a gina mai cin mutum 80,000, karayar tattalin arziki ta lokacin ta kashe maganar. Da yake a tsaye ake kallo a zamanin, a haka ma ranar 8 ga Oktoba 1938 mutum 49,335 sunka cushe a wurin wasansu da Millwall, a rukuni na biyu ma fa, kuma har yau ba a sake tara irin wannan ba.

Gunkin da ke tsaye a ƙofar rumfar hannu a ƙugu na Johnny Haynes ne, kuma sunansa rumfar ke amsawa tun bayan rasuwarsa a hatsarin mota a 2005. Wasa 658 ya yi ma Fulham, ya yi kyaftin ɗin Ingila, manyan kulob sun neme shi ya ƙi tafiya duk da bai ɗauki kofin komai ba. Amma abin da ya sa ya shiga tarihi albashi ne. Kafin 1961 doka ta hana a biya ɗan ƙwallo sama da fam 20 a sati a Ingila ko waye shi, wanda ya ja gaba anka karya dokar nan Jimmy Hill ne, shi ma ɗan wasan Fulham kuma shugaban ƙungiyar 'yan wasa. Shugaban kulob ɗin lokacin Tommy Trinder ɗan barkwanci ne, ya sha cika baki a bainar jama'a cewa da doka ta bari da fam 100 zai biya Haynes, yana ganin ai dokar ba za ta taɓa faɗuwa ba, ranar da ta faɗi kuwa sai alkawari ya ci shi. Haka Haynes ya zama na farko da ya karɓi fam 100 a sati. Duk wanga mahaukacin albashi da kuke lissafawa da naira a gidan kallo kuna salati, daga wanga ƙaramin fili bakin ruwa ƙofar ta buɗe. A nan kuma George Cohen ya yi duk rayuwarsa ta ƙwallo, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 1966, a nan sunka lallasa Ipswich 10-1 a Disambar 1963, Pele ya zo da Santos a 1973, Bobby Moore da George Best sun sa farar rigar a ƙarshen ƙarfinsu.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ita ce ainihin abin. Shekara da shekaru ɓangaren kogi shi ne na talaka, tudu ne kawai ba rufi, ana tsaye iska mai sanyi na tasowa daga ruwa tana dukan ƙeya. Ribar da ke wurin ɗaya ce, tseren kwale-kwale na jami'o'in Oxford da Cambridge da ake yi duk shekara daga Putney zuwa Mortlake, kusan kilomita 7, ta bayan filin yake wucewa, kamar dai a ce ana Rigata a Yauri ga filin ƙwallo a kan gaɓa, kuma tsofaffin magoya baya na ba da labarin yadda in ranar ta haɗu da wasa sai 'yan kallo su juya ma fili baya su koma kallon ruwa. Na san wani zai tambaya ko ƙwallo na faɗawa kogi, to wanda ya yi suna da wannan ba Fulham ba ne, Shrewsbury ce a tsohon filinta Gay Meadow bakin kogin Severn, har mutum gare su Fred Davies da ke zama da ɗan kwale-kwalensa ranar wasa yana tsamo ƙwallo, shi wancan filin ma sun bar shi tun 2007 an zuba gidaje a wurin. Haka Vicente Calderon na Atletico Madrid da ke bakin Manzanares ya tafi, sun tashi 2017 anka rushe. Na Nottingham Forest a bakin Trent kam yana nan tare da na Fulham a cikin tsofaffin filayen bakin ruwa da kuke gani kullum.

Ka ga abin da ke cin irin waɗanga filaye ke nan, ba ruwa ne ke cinye su ba, darajar ƙasar bakin ruwa ce. A 1972 Fulham ta gina rumfa a ɓangaren kogi, anka buɗe ta da wasa da Benfica ta su Eusebio, bashin ginin ya zauna ma kulob a wuya shekaru. Kafin nan unguwar ta ma'aikata ce, da masana'antu a bakin kogi, amma zuwa shekarun 1980 masu kuɗi sun gano daɗin buɗe taga a ga ruwa, ƙasar da filin ke kai ta fi kulob ɗin da 'yan wasansa tsada nesa ba kusa ba. A 1986 filin da kulob sunka faɗa hannun wani kamfanin dillancin gidaje Marler Estates, wanda dama shi ke riƙe da Stamford Bridge, ya kuma sayi kulob ɗin QPR, sai a 1987 shugabansa David Bulstrode ya fito da shirinsa ƙarara, a haɗe Fulham da QPR a kira su Fulham Park Rangers su koma Loftus Road filin QPR, a rushe Craven Cottage a yi benaye. Nan fa magoya baya sunka tashi, har cikin fili sun shiga ana tsakiyar ranar wasa don nuna ƙin amincewa, Jimmy Hill ɗin nan dai ya dawo ya haɗa masu kuɗi sunka karɓi kulob ɗin, amma ban da ƙasar. A wannan shekarar ta 1987 ne anka sa rumfar Leitch da ɗan gidan cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, mataki na biyu. Ma'anar wannan a aikace shi ne ko kai ka mallaki gini ba ka da ikon rushe shi ko canza masa kama sai da izini na musamman, in ka yi gaban kanka laifi ne na kotu. To ka sa kanka a matsayin dillali, ka sayi ƙasa don gina benaye sai ga doguwar rumfa da gida a tsaye a gefen titi ba ka iya taɓawa, ƙaramar hukuma ba ta tare da kai, jama'a na zanga-zanga, ana cikin wanga ja-in-ja kasuwar gidaje ta karye farkon shekarun 1990, kamfanin da ya gaji filin ya durƙushe, ƙasar ta koma hannun banki. Wallahi da kasuwa ta ƙara shekara biyu tana tashi ni a ganina da yanzu babu wanga fili.

Kulob ɗin kuwa a lokacin ya kai ƙasa iya ƙasa, farkon 1996 suna na 91 cikin ƙungiyoyi 92 na lig ɗin Ingila, 'yan kallo dubu biyu da 'yan kai ke zuwa, ciyawa na tsirowa a matakalar tsayuwa. Sai 1997 Mohamed Al-Fayed ya saye su, Bamisiren nan mai kantin Harrods a lokacin wanda ɗansa Dodi ya mutu tare da gimbiya Diana a wannan shekarar, ya fanshi filin ya zuba kuɗi, 2001 sai ga su a Firimiya ƙarƙashin Jean Tigana. To nan wata sabuwa ta taso. Bayan turmutsitsin da anka yi a filin Hillsborough a 1989 doka ta ce manyan rukunai biyu kowa ya zauna a kujera, Fulham kuwa bayan ragoginta biyu duk tsayuwa ake, ita ce ta ƙarshe da anka yi kallon Firimiya a tsaye a irin tsohon tudun nan, wa'adinta ya cika 2002 dole ta tashi. Anka ce musu kaka ɗaya za a yi a Loftus Road a gina sabon fili mai cin 30,000, sai kuɗin aikin ya yi ta hawa har ya doshi fam miliyan 100 anka fasa, sannan labari ya fito cewa an ƙulla wata yarjejeniyar da za ta iya kai ga sayar da wurin ga masu gina gidaje. Magoya baya sunka sake ɗaura ɗamara da kamfen na a koma gida, daga ƙarshe da kusan fam miliyan 8 anka kakkafa kujeru da rufi a bayan ragogi sunka dawo 2004. Waɗannan rumfuna biyu na bayan raga in ka dube su da idon magini ka san aikin sauri ne, ƙarfe ne anka ɗora a kan tsohon tudu, kuma su ne har yanzu.

A wanga gyararren fili anka yi daren da ya fi kowane dare a tarihinsu, 18 ga Maris 2010, kofin Europa. Juventus ta ci su 3-1 a Turin, kuma ƙwallo ɗayan nan da ta riƙe musu rai namu ne ya ci ta, Dickson Etuhu. Da anka dawo Landan minti 2 kacal Trezeguet ya ƙara, jimilla 4-1, kowa ya ce an gama. Zamora ya farke ɗaya, Cannavaro ya sha jan kati, Zoltan Gera ya ci biyu ɗaya da fenariti, saura 'yan mintuna Clint Dempsey ya ɗaga wata ƙwallo daga bakin da'ira ta bi ta kan gola ta sauka can kusurwar raga, har yau ana gardamar ko nufi ya yi ko kuros ne ya kuɓuce masa, haka sunka ci 4-1 sunka fitar da Juventus. Sun fitar da Hamburg a nan a wasan kusa da na ƙarshe, sunka je final Diego Forlan ya kashe su da ƙwallo biyu, Atletico ta ɗauka 2-1 bayan ƙarin lokaci. Roy Hodgson ne koci.

Shi Al-Fayed kuma bai bar wurin ba sai da ya yi abin dariya, a 2011 ya kafa gunkin Michael Jackson a cikin harabar filin ta wajen kogi don abokinsa ne, mutumin da ba abin da ya haɗa shi da Fulham sai kallo ɗaya da ya taɓa zuwa, magoya baya sunka yi ta jin kunya. Da Shahid Khan ya sayi kulob ɗin a 2013, Ba'amurke ɗan asalin Pakistan da ya yi kuɗi da ƙera bambar mota, sai ya sa anka cire, a ƙarshen kakar sunka faɗa rukunin 'yan dagaji, tsohon ya ce ai cire gunkin ne ya jawo. Ka ji fa, camfi ba a ƙauye kaɗai yake ba.

Khan ne ya amsa tambayarka a aikace. Tunda gabas doka ta tsare, kudu lambu, arewa gidaje, hanya ɗaya ta rage, sama da kuma cikin ruwa. A 2019 anka rushe rumfar 1972 anka fara sabuwa, anka kafa turaku cikin gindin kogi anka ɗan ci ruwan, kuma da yake titunan unguwar ba su ɗaukar manyan tireloli ga maƙwabta masu ƙorafi da lauyoyi, manyan ƙarafan rufin ta ruwa anka kawo su a kan jirage. Wanda bai san aikin ba zai ce mi ya sa rumfa ɗaya ta ci shekara kusan 6, to ga korona ta shigo, ga kamfanin da ke aikin ya durƙushe a 2023, ga shi kana aiki ne da ruwan da ke hawa yana sauka sau biyu kullum, kuma ana buga wasa a gefenka duk sati biyu. Sai 2025 ta kammala gaba ɗaya, filin ya koma cin mutum wajen 29,000. Sharaɗin da anka gindaya musu mai kyau shi ne su buɗe hanyar ƙafa ta bakin kogi wadda a da sai mai tafiya ya zagaye filin ta titi, yanzu ranar da ba wasa kowa na iya bi ta gaban rumfar. Amma ciki kam ba na kowa ba ne, gidajen abinci ne na alfarma da ɗakunan taro da otal, har wurin ninƙaya a can sama, an gina shi ne ya riƙa kawo kuɗi kwana bakwai a sati ba ranar wasa kaɗai ba.

Ni a wajena a nan abin ya ɗan yi ɗaci. Ɓangaren da talaka ke tsayawa iska na dukansa shi ne a 2023 tikitin kaka ya kai fam 3,000 a wasu kujerun, a wasansu da Manchester United na Nuwamba 2023 akwai kujerar fam 160, ranar magoya baya sun ɗaga katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa a cikin fili don nuna fushinsu a kan tsadar. Waɗanda sunka hana a rushe wurin a 1987 da 2003 su ne yanzu ke lissafin ko za su iya sabunta tikitinsu. Amma kuma in za a yi adalci, kulob mai cin mutum ƙasa da 30,000 a gasar da Old Trafford ke cin sama da 74,000, in bai tatsi bakin ruwan nan ba to ɗayan biyu ne, ko ya koma 'yan dagaji ya zauna ko ya tashi ya bar unguwar, Arsenal ta bar Highbury a 2006, West Ham ta bar Upton Park a 2016, ka tambayi 'yan West Ham ko sun ji daɗin sabon wurin.

Mu kuma 'yan Najeriya filin ba baƙonmu ba ne tun kafin su Iwobi. Super Eagles ta yi 1-1 da Ailan a wurin a 2009, a Nuwamba 2013 zamanin marigayi Stephen Keshi ta yi 2-2 da Italiya, Bright Dike da Shola Ameobi sunka ci mana, a Mayu 2014 kuma ana shirin tafiya Brazil ta sake 2-2 da Sikotlan, Uche Nwofor ya farke a mintin ƙarshe. Ana son wurin don irin waɗanga wasannin sada zumunci saboda 'yan Afirka sun yi yawa a Landan kuma ƙaramin fili ne, mutum dubu ashirin sun isa su sa ya yi kamar ya cika. Ola Aina da Lookman da Josh Maja duk sun yi zaman aro a can kakar 2020/21, sai dai su a fili babu kowa sunka yi yawancin wasanninsu saboda korona kuma kulob ɗin ya faɗi a ƙarshe, Iwobi da Bassey sun zo 2023, ɗaya daga Everton ɗaya daga Ajax, Chukwueze ya biyo su aro daga AC Milan a 2025. Ka gaishe min da mai gidan kallon naku, ka ce masa in ranar wasan Fulham da Chelsea ta zo ya raba benci, don wanga labarin na 1905 na san sai ka faɗa musu.